Ganyen Dabino da Muciyar Inna

A unguwarmu a Dutse ba a aiko wa Inna, mahaifiyata, goron gayyata. In an yi haihuwa ko ana shirin biki, ranar jajibere sai a turo a ɗauki babbar tukunyarta da muciyarta, shi ke nan an gayyace ta. Muciyar nan ta kusa kai ni tsawo, ta yi baƙi wuluk saboda daɗewa, kakata ce ta taho da ita daga ƙauyenmu can wajen Taura. Washegari da sassafe Inna za ta bi bayan kayanta, ta ci ɗamara, ta tuƙa tuwon da za a ci har a aika wa dangi na nesa. Ba a biyan ta, ba ta ma so a biya ta. Ladanta shi ne ta ji wani ya kai loma baki ya ce, "Kai, tuwon wa ke nan?" a ce masa, "Haba, ba ka gane hannun ba?" Wannan ita ce sarautar Inna, kuma tana ji da ita fiye da zannuwanta na cikin akwati.

Mu Hausawa ne, kuma Kiristoci ne tun daga kakanni. Kowa a unguwa ya sani, amma irin sanin nan ne da ba a furtawa. Littafi Mai Tsarki a baƙar leda muke saka shi in za mu tafi coci. Inna tana da ɗan ƙaramin gicciye na ƙarfe a wuyanta, kuma duk gidan da za ta shiga tuƙin tuwo, tana isa bakin zaure sai hannunta ya tashi ya tura shi cikin riga. Ba wanda ya taɓa ce mata ta yi haka, ita ma ba ta taɓa cewa ga dalili ba. Ni kuwa, da nake da zuciya a kusa, abin da ya fi ƙona min rai shi ne a ji ni Kirista ce a ce min, "Amma fa kina jin Hausa!" To da me zan ji? Da ita aka yi min raɗa, da ita aka yaye ni, da ita nake faɗa.

Akwai ranar da muke kira Lahadin Dabino, mako guda kafin Ista. Ranar ce muke tuna shigar Yesu Almasihu birni, mutane suna ɗaga ganyen dabino suna yi masa maraba. Mu a cocinmu ga yadda muke yi: a sayo kaba wajen masu saƙar tabarma, a rufe ƙofar katanga, mu zagaya ginin coci muna waƙa ƙasa-ƙasa, mu koma ciki. A Dutse fa! Garin da duk inda ka ɗaga kai dabino ne tsakanin duwatsu.

A shekarar da nake ba da labari ina koyarwa a firamare, ina kuma cikin mawaƙan coci, ni ce mai kacau-kacau. Muna taron shirin ranar sai Inna ta miƙe daga layin matan zumunta, ta gyara ɗankwali, ta ce, "Fasto, ina da magana. Mu ɓarayi ne?"

Kowa ya juyo yana kallonta.

Ta ce, "In ba ɓarayi ba ne, me ya sa muke yi wa Ubangijinmu maraba a bayan ƙofa da kabar tabarma? Maƙwabtanmu ranar Juma'a har titi suke shimfiɗa darduma, ba sa jin kunyar kowa, kuma ni hakan yana burge ni. Bana a samo dabino na gaske, a buɗe ƙofa, mu fita. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Tabɗi! Ni dai ban san lokacin da na kaɗa kacau-kacau ba. Wani dattijon coci ya harare ni, ya ce zama lafiya ya fi zama ɗan sarki, kuma wanda yake zaune a inuwa ba ya jawo wa kansa rana. Wata mata ta ce wannan neman suna ne, Allah ai zuciya yake dubawa. Aka yi ta ja-in-ja. A ƙarshe Fasto ya ce zai je ya gaida mai unguwa ya sanar da shi, ya sanar da 'yan sanda, in sun amince za a fita, wanda ba ya so ya zauna a ciki ba laifi. Suka amince, aka tsara hanya: daga ƙofar coci, a bi bakin titi, a ratsa lungunmu, a dawo.

Lungunmu fa, inda gidan Malam yake. Malam shi ne mai koyar da Alƙur'ani a zaurensa, katangarmu ɗaya da shi. Matarsa Hajiya ita ce uwar matan unguwa. Ita ta fara aikowa a ɗauki muciyar Inna tun muna baƙi a Dutse, daga nan sauran gidaje suka bi. Kuma ranar Alhamis ɗin makon nan matar ɗansu ta haihu, ɗan fari, namiji. Suna ya kama Alhamis mai zuwa, bayan Lahadin Dabino.

Baba kafinta ne, mutum mai auna magana kafin ya yanka ta. Ya bari sai da muka gama cin abinci ya ce wa Inna, "Ni ba dukan kowa nake tsoro ba, mutanen nan ba za su taɓa mu ba. Amma ki sani, in kika wuce ƙofar Hajiya da waƙa a bakinki, wataƙila muciyar nan ta gama fita daga gidan nan. In Hajiya ba ta aiko ba, babu mai sake aikowa. Za ki iya?"

Inna ta dubi muciyar a jingine a kusurwa. Ta ce, "Zai yi min ciwo." Iyakar abin da ta ce ke nan, ta tashi ta kwashe kwanuka.

Saura ganye. Itatuwan dabinon da suka fi kusa da mu na Malam ne, a bayan gida wajen gindin dutse. Baba ya ce kowa yana roƙon ganyen dabino don darni, ta roƙa kawai ba sai ta yi bayani ba. Inna ta ce ba za ta ɗaga wa Allah ganyen da ta samo da rufa-rufa ba. Ta ja ni muka tafi zauren Malam bayan la'asar, muka durƙusa daga bakin ƙofa.

"Allah gafarta Malam, barka da arziki. Ganyen dabino na zo roƙo."

"Darni ya faɗi ne?"

"A'a, Malam. Jibi muna da sujada. Za mu ɗaga shi ne a hanya muna yabon Yesu Almasihu, kuma ta ƙofar gidan nan za mu wuce."

Malam ya ci gaba da jan carbinsa, bai ɗago ba. Can ya ce, "Ganyen ƙasa dama za a sare su, nauyi suke yi wa itace. A gaya wa mai hawa kada ya taɓa na tsakiya, nan ne ran dabino. Abin da za ku yi da shi kuwa, ni ba hanyata ba ce, kin sani. Tsakaninku da Allah." Muka yi godiya muka tashi. Muna shan kwana na rungume Inna ina tsalle, ta ture ni ta ce in nutsu, ni ba yarinya ba ce.

Ranar Asabar tsakar gidanmu ta cika da ganye da matan zumunta. Wanda bai taɓa riƙe ganyen dabino ba bai san gindinsa duk ƙaya ba ne, dogaye masu tsini kamar basilla. Muka zauna da wuƙaƙe muna fere su, wannan ta ce wash, waccan ta tsotsi yatsa, ana dariya ana gwada waƙa. Wata tsohuwa ta ce shekara da shekaru tana ɗaga kaba, ashe abin da ake nufi yana da nauyi haka. Ƙamshin ɗanyen ganye ya cika gida har cikin ɗaki.

Rana ba ta ƙarya. Lahadi da hantsi, zafin bazara ya fara cizo, muka yi layi a bayan ƙofar katanga. Matan zumunta sun sha anko, masu kiɗan tulu sun rungume tulunansu, mai ganga yana ɗumama fata. Kusan rabin coci sun ce a ciki za su jira mu. Fasto ya yi addu'a, aka zare sakata, ƙofar nan ta yi ƙara ta buɗe. Wayyo daɗi! Ban taɓa ganin titin nan da faɗi haka ba. Inna ce a gaba, ganyenta ya fi na kowa tsawo, gicciyenta a waje yana ƙyalli. Ta ɗaga murya ta ba da waƙa, muka amsa da Hosanna, tuluna suka ɗauka, ƙafafuna kuwa suna taka rawa da kansu. Na waiga na hango Baba a can ƙarshen layi, ya riƙe ganyensa ƙasa-ƙasa kamar mai kai wa akuya, amma dai ya fito.

Ba mu yi nisa ba aka fara. A teburin mai shayi wani ya ce, "Jama'a, ga masu shara sun fito, a ba su hanya!" Aka kwashe da dariya. Wani ɗan acaba ya bi gefenmu yana kwaikwayon muryar Inna da hanci. Wani ya ce, "Bahaushe da waƙar coci, kai duniya!" Wani kuma ya ce wai da buhun shinkafa aka saye mu. Sai ga ɓawon mangwaro ya faɗo a kafaɗata. Ai kuwa na juya, na riga na haɗa masa amsar da za ta kai har kakansa, sai na ji hannun Inna a wuyan hannuna. Ba ta ko dube ni ba ta ce, "Bakin da kika ɗauko waƙa da shi, kada ki sauke ta ki ɗauki zagi. Kaɗa abinki." Na kaɗa kacau-kacau da duk haushin da ke cikina, har tafin hannuna ya yi ja.

Ba kowa ne ya yi ba'a ba, kada in yi wa garinmu ƙarya. Da yawa kallo kawai suka yi. Wani mai kayan miya ya janye tirensa ya ba mu wuri. Wata mata ta ɗaga ɗanta sama don ya gani da kyau.

Muka shiga lungunmu. Daga nesa muka jiyo karatun yara a zauren Malam. Inna ta ɗaga hannu ɗaya, kiɗa ya tsaya cak, waƙa ta tsaya. Ba a shirya haka ba, amma kowa ya gane. Muka wuce ƙofar zauren shiru, ganye a sama, ba ka jin komai sai takun ƙafa da shuu-shuu na ganye da muryoyin yara. Inna ta rusuna ta ce, "Allah gafarta Malam, barka da hantsi." Ya ɗago ya dubi ganyen itacensa a hannunmu, ya ce, "Barka kadai."

A ƙofar shiga cikin gida kuwa mata ne cunkus, 'yan barka. A gabansu akwai ƙanwar Malam da ta zo daga Ringim, wadda duk muke kira Goggo. Ta riƙe haɓa ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Au! Ashe abin har ya kai nan? Da wannan hannun za a tuƙa mana tuwon suna? To ni dai ba da bakina ba." Hajiya tana tsaye a bayanta. Inna ta ce, "Hajiya, barka da hantsi, ya mai jego?" Hajiya ta dube ta, ta dubi gicciyen, ba ta ce uffan ba, ta juya ta shige.

Inna ta yi gaba har muka wuce katangar gidan, sannan ta sake ba da waƙa, muryarta ta fi ta farko ƙarfi. Da muka koma coci waɗanda suka zauna a ciki suka tarye mu a ƙofa, wasu suna guɗa, tsohuwar nan tana hawaye tana dariya. Baba ya shigo, ganyensa a sama har yana taɓa saman ƙofa. Ranar nan na yi rawa har zanina ya kwance.

Daga Litinin daɗi ya fara raguwa. Labarin maganar Goggo ya zagaya. A coci masu cewa "ai mun faɗa" suka samu abin faɗa. Matar nan mai cewa neman suna ne ta tare ni a famfo ta ce, "To ga shi, uwarki ta yi waƙar rabin wuni ta zubar da zumuncin shekaru." Na ajiye bokiti na ba ta amsa, kuma har gobe a kan amsar nan nake. Mai neman suna ba ya zaɓar hanyar da za a jefe shi da ɓawon mangwaro. Inna ba ta zagi addinin kowa ba, ba ta tsaya a ƙofar kowa ta ce ya bar nasa ba, karatun yara ma ba ta yarda ta yi waƙa a kansa ba. Nata kawai ta ɗaga. Kuma ɓoyon da muke yi muna kiransa zaman lafiya, ni a ganina har da raina maƙwabta a cikinsa, kamar muna cewa ba za su iya ganin mu yadda muke su bar mu ba. In zumuncin sai da gicciye a cikin riga yake tsayawa, to da wa ake zumuncin? Da Inna, ko da wata mata da babu ita? Matar ta ce bakina ya fi ni girma. Na ce haka aka haife ni.

Na iya faɗa a famfo, amma ranar Laraba, jajiberen suna, bakina mutuwa ya yi. Tun da safe Inna ta wanke tukunya ta kife, ta kankare muciya ta jingine ta a bakin ƙofa. Duk sallamar da aka yi sai ta ɗago kai. Mai manja ya zo, mai gyaran takalmi ya zo. Ta katanga muna jiyo lugude da hayaniyar mata, har da muryoyin da suka yi kama da gardama. La'asar ta yi, magariba ta yi, ba a aiko ba. Inna ta ɗauki muciyar ta mayar da ita kusurwa. Na ce mata, "Inna, kin yi da-na-sani?" Ta ce, "A'a. Amma ai na gaya wa babanki zai yi ciwo." Ta juya fuska ta goge ido da gefen zani, ni kuwa na shiga ɗaki ina ta huci, na rasa wanda zan yi wa faɗa.

Alhamis gari ya waye, maza suka taru a ƙofar Malam, aka raɗa suna, aka raba goro da dabino. Lungu ya cika maƙil, har da masu shayin nan da 'yan acaba, kowa ya zo cin arziki. Inna tana zaune a kan turmi tana tsince wake, abin da ba ta taɓa yi ba ranar sunan unguwa. Sai muka ji sallama, muryar da ba ta taɓa yin sallama a gidanmu ba, don ita aike take yi. Hajiya ce da kanta, da mayafinta da ciwon gwiwarta.

Inna ta zabura ta miƙe, wake ya zube. "Hajiya, da kanki? Sannu da zuwa, ga tabarma."

"Ban zo zama ba. Ina muciyar?"

Ni na nuna wa Hajiya kusurwa.

Hajiya ta ce, "Jiya wuni muka yi ana abu ɗaya a gidana. Aka ce in ma za a kira ki, a tura yaro bayan magariba ya ɗauko kayan ta ƙofar baya, ki shigo ba wanda ya gani. Na kwana ina juya maganar. Ke kin fito da naki da rana tsaka, ni ce zan aiko miki a ɓoye? Ki ji da kyau, abin da kuka rera ran Lahadi ban yarda da shi ba, kuma ba zan yarda ba. Raina ma ya sosu, shi ya sa ban amsa gaisuwarki ba. Amma ba yau na san ke wace ce ba. Ke kika tuƙa tuwon sunan uban yaron nan. Wanda ba zai ci ba, ga shinkafa can." Ta dube ni ta ce, "Ke mai baki, ɗauko tukunya."

Ta sunkuya ta ɗauki muciyar da hannunta. Doguwa ce, in ta riƙe ta a kwance za ta bugi mutane a lungu, don haka ta ɗaga ta tsaye, sama da kanta. Haka muka fita: Hajiya a gaba da muciya a sama, Inna a bayanta, ni a ƙarshe da tukunya a ka. Maza suka dare suka ba mu hanya. Mai cewa masu shara yana nan a kan benci da goro a kumatu, ya bi muciyar da ido. Ni kuwa da ba don tukunya ba da na yi guɗa a tsakiyar maza.

Goggo ba ta ci tuwon ba, ta cika alkawarinta, kuma akwai gidajen da ba su sake aikowa ba har Inna ta tsufa ta daina tuƙi. Wannan ma gaskiya ne, kuma ya yi mata ciwo.

Amma abin da ya fi zauna min shi ne bakin zaure. Muna isa, hannun Inna ya tashi da kansa ya nufi wuyanta, yadda ya saba shekara da shekaru. Ya kama gicciyen, ya tsaya. Hajiya ta waigo ta gani.

Ta ce, "Bar shi a waje, ai mun riga mun gani. Ki dai juya shi ta baya kada ya faɗa mana a tukunya."

Inna ta juya shi ya kwanta a bayan wuyanta, ta ci ɗamara, ta ce a ƙara itace a murhu.